Sharhi: In magajin gari ya ba kamfani riƙon wurin ninƙaya, wa ke biyan giɓin?

Ranar Litinin 5 ga watan Satumba na 2022, masu zuwa ninƙaya a garuruwa da dama na ƙasar Faransa suka tarar da ƙofa a kulle. Kamfanin Vert Marine, wanda ƙananan hukumomi suka ba riƙon wuraren ninƙaya da na wasan ƙanƙara kusan 90, ya rufe wajen 30 daga cikinsu a rana guda, har da na Limoges, Nîmes, Versailles da wani a cikin birnin Paris. Hujjar kamfanin ita ce tsadar makamashi da ta biyo bayan yaƙin Ukraine. Ya ce kuɗin wuta da gas da yake biya a shekara ya tashi daga Yuro miliyan 15 zuwa miliyan 100, wato daga kusan miliyar 10 na sefa zuwa sama da miliyar 65. Wasu magadan gari ba su samu labari ba sai da aski ya zo gaban goshi.

A kwanakin an yi ta maganar ƴan makaranta da suka rasa darasin ninƙaya, da ƙungiyoyin wasanni da suka rasa wurin atisaye. Waɗanda aka fi mantawa da su su ne ma'aikata kimanin 600 da kamfanin ya ce ya tura gida a ƙarƙashin tsarin zaman jiran aiki. A ƙa'idar wannan tsari a lokacin, ma'aikaci na karɓar kashi 60 cikin 100 na albashinsa kafin cire haraji da kuɗin asusu, in dai bai faɗo ƙasa da mafi ƙarancin albashi ba. Ginin na gari ne, kwangilar ta kamfani ce, farashin gas kuma na kasuwar duniya ne. Wanda aka fara taɓa wa aljihu shi ne malamin ninƙaya, da mai sayar da tikiti, da mai wanke bayan gida.

Wannan lamari ya bayyana abin da ake ɓoyewa duk lokacin da wata hukuma ta ce za ta miƙa riƙon wani wurin jama'a ga kamfani don "rage kashe kuɗi". Asarar da wurin ke yi ba ta gushewa don an sauya mai riƙe da makulli. Wani ne zai ɗauke ta, kuma in ba a rubuta kariya a cikin kwangilar ba, ma'aikaci ne ke ɗauka.

Lissafin da ke bayan kwangila

Wurin ninƙaya na gari, ko pisin kamar yadda aka saba faɗa, ba sana'ar riba ba ce. A watan Fabrairu na 2018, kotun binciken kuɗaɗen gwamnati ta Faransa ta fitar da rahoto kan wuraren ninƙayar jama'a sama da 4,000 da ƙasar ke da su. Ta gano cewa rabinsu an gina su ne kafin 1977, kuma waɗanda ta bincika suna tafka asarar da ta kai Yuro dubu 640 a shekara kowanne, in aka raba daidai, wato kusan miliyan 420 na sefa. Dalilin a fili yake. Ruwan sai an dumama shi zuwa wajen digiri 27 ko 28, sai an tace shi dare da rana, sai an sa ido a kansa muddin akwai mutum a ciki. Kuɗin shiga kuma dole ya zama mai sauƙi, in ba haka ba talaka da ɗan makaranta ba za su zo ba.

Magajin garin da wannan nauyi ya ishe shi sai ya kira tayi. Ginin na nan a hannun gari, kamfani ya karɓi tafiyarwa na wasu shekaru, sau da yawa biyar ko shida. Kamfanin na tara kuɗin tikiti, garin kuma na ba shi tallafin da aka yanke a kowace shekara saboda darussan ƴan makaranta da rangwamen farashi. A gasar neman kwangilar, wanda ya nemi tallafi mafi ƙanƙanta shi ke da babbar dama.

Daga nan lissafin ya koma kan ma'aikata. Kamfani ba ya iya rage farashin lantarki. Ba ya iya rage sinadarin tsabtace ruwa, don hukumar lafiya na zuwa awo. Farashin tikiti majalisar gari ce ke amincewa da shi. Babban kason da ya rage, wanda kuma shi ne mafi girma a kasafin irin wannan wuri, albashi ne. Duk alkawarin rangwame da kamfani ya yi wa gari, da duk ribar da ya yi wa masu hannun jarinsa alkawari, akasarinsu daga wannan kaso za su fito: a rage yawan mutane, a matse jadawalin aiki, ko a ɗauki sababbi da sharuɗɗan da ba su kai na tsofaffi ba.

Ma'aikata kashi uku a bakin ruwa guda

Dokar Faransa ba ta bar ma'aikaci a banza ba, kuma ya kamata a faɗi haka. Sai dai kariyar hawa-hawa ce.

Cikakken ma'aikacin gwamnati shi ya fi samun inuwa. Tun bayan dokar 6 ga Agusta 2019 kan sauya fasalin aikin gwamnati, ana iya tura shi aiki ƙarƙashin kamfanin ko bai nema ba, amma albashinsa ba zai gaza na da ba, shekarunsa na ci gaba da ƙirguwa, kuma in kwangilar ta ƙare yana da damar komawa ma'aikatarsa. Abin da ya rasa shi ne zaɓi: ya shiga aikin gari, ya wayi gari yana karɓar umarni daga manajan kamfani.

Na biyu shi ne wanda garin ya ɗauka da kwantiragi. Doka ta wajabta wa kamfanin ya yi masa tayin sabon kwantiragi mai ɗauke da muhimman sharuɗɗan tsohon, musamman albashi. In ya ƙi sa hannu, aikinsa ya ƙare, a sallame shi.

Na uku su ne masu aikin sa'o'i, da na lokacin zafi, da masu shara da gadi waɗanda wani ƙaramin kamfani ke kawowa. Waɗannan ba sai an kore su ba. Kwantiraginsu ne ke ƙarewa, a ƙi sabuntawa, kuma sunansu ba ya fitowa a cikin jerin waɗanda "aka rage". A manyan biranen Faransa, aikin shara da gadi na daga cikin ayyukan da baƙi ƴan Afirka suka fi yawa a ciki, saboda haka wannan kaso na uku ba baƙon labari ba ne ga masu zaman ci-rani.

Bayan shekara biyu ko uku sai a sami wani yanayi mai ɓata zumunci. Tsohon malamin ninƙaya da ya zo daga gari na da alawus ɗinsa da hutunsa. Sabon da kamfani ya ɗauka na tsaye a bakin ruwa ɗaya, yana kallon yara ɗaya, da albashi da hutu na daban. Duk tsohon da ya yi ritaya ko ya gaji ya tafi, ana maye gurbinsa da mai rahusa. Ta haka ake rage kuɗin ma'aikata ba tare da an taɓa saɓa wa doka ko sau ɗaya ba.

Haka kuma kowane ƙarshen kwangila na zuwa da nasa fargaba. Sashe na L1224-1 na dokar ƙwadagon Faransa ya ce in wurin aiki ya koma hannun sabon mai shi, kwantiragin ma'aikata na binsa tare da shekarun aikinsu. Amma yarjejeniyoyin cikin gida da ƙungiyar ƙwadago ta sha wuya ta samu daga tsohon kamfani, kamar ƙarin kuɗin aikin Lahadi ko tsarin hutu, ba su dawwama. Suna rayuwa ne na wata 15, a cikinsu a sake zaman tattaunawa daga farko. Ma'aikacin da ya yi shekara ashirin a pisin ɗaya na iya ganin kamfanoni uku ko huɗu sun wuce ta kansa, kowanne da rigarsa, da manajansa, da sabon jadawalinsa.

Har kan wace yarjejeniyar sana'a za a bi an yi shari'a. Wasu kamfanoni sun daɗe suna ɗora ma'aikatan pisin a kan yarjejeniyar wuraren shaƙatawa da nishaɗi, alhali akwai ta ma'aikatan wasanni, kuma biyun sun bambanta a kan alawus da tsarin lokacin aiki. A watan Oktoba na 2022, Conseil d'État, kotun ƙoli mai duba shari'o'in mulki, ta yanke cewa tayin kamfanin da ya dogara da yarjejeniyar da ba ta shafi aikin ba, tayi ne da bai halatta a karɓa ba. Tun da har sai da magana ta kai wannan kotu, an gane cewa a kan haƙƙin ma'aikata ake fafata gasar rahusa.

Abin da takardar albashi ba ta nunawa

Matsin ba a albashi kaɗai yake ba. Don ƙara kuɗin shiga, kamfani na buɗe wurin tun asuba har dare, ya ƙara darussan motsa jiki a ruwa da bukukuwan yara. Ga mai zuwa wanka wannan ci gaba ne. Ga ma'aikaci kuwa, yini ne da aka yayyanka: sa'o'i uku da safe, dogon zaman banza da ba a biya, sannan a dawo da yamma. Malamin da aka ɗauka don koyarwa da ceto sai ya zama har da tallan rajista da wanke gefen ruwa.

Aikin kuma na cin jiki. In sinadarin kulorin ya haɗu da gumi da fitsarin masu wanka, yana haifar da wata iska da ke taruwa a saman ruwa, tana ƙona ido da maƙogwaro. Tun 2003 Faransa ta sanya asma da ciwon hanci da wannan iska ke jawowa cikin jerin cututtukan da aiki ke haddasawa. Maganinta shi ne a yawaita sabunta iskar ɗakin da ruwan, abin da ke cin wuta. Duk wanda ke neman rage kuɗin lantarki ya san inda zai fara taɓawa, kuma mai wanka na sa'a guda ba zai lura ba. Wanda ke shaƙar iskar yini guda shi zai sani.

Sakamakon duk wannan ya fito fili. Ƙungiyoyin sana'ar na ƙiyasta cewa Faransa na da ƙarancin malaman ninƙaya 4,000 zuwa 5,000, saboda matasa na karɓar takardar shaida su yi ƴan shekaru su gudu. A watan Yuni na 2023 gwamnati ta ba masu ƙaramar takardar ceto, BNSSA, izinin sa ido a wuraren da ake biyan kuɗin shiga su kaɗai, ba sai da malami a kansu ba. An toshe ramin da mai ƙarancin horo da ƙarancin albashi. A wurin da yaro ke iya nutsewa cikin ƴan daƙiƙu ba tare da ya yi ihu ba, gajiyar mai sa ido da ƙwarewarsa magana ce ta rai. Araha ba ta ado.

Ba duka laifin kamfani ba ne

Masu goyon bayan ba da riƙo na da hujjoji, kuma wasu na da ƙarfi. A wannan shekara ta 2022, wuraren da garuruwa ke tafiyarwa da kansu su ma sun rage zafin ruwa, wasu sun rage kwanakin buɗewa, wasu sun rufe. Kamfanin da ke riƙe da wurare da yawa na da ƙwararrun masu gyaran inji da ƙaramin gari ba zai iya ɗauka ba, kuma matashi mai himma na iya hawa matsayi a cikinsa da sauri fiye da a ma'aikatar magajin gari. Riƙon hukuma ma na da nasa ciwo: ɗaukar ɗan wane, gyaran da ake ɗagawa har rufi ya fara zuba, da kasafin da ba wanda ya san gaskiyarsa.

Duk da haka, yadda rikicin Vert Marine ya ƙare ya nuna inda alhaki yake. Cikin makonni kaɗan wuraren suka sake buɗewa, bayan garuruwa sun yi barazanar zuwa kotu, wasu kuma suka mayar da pisin ɗin kan nasu kwantiragin wuta mai sauƙin farashi. Wato kasadar da aka ce kamfani ya ɗauke wa gari, da ta yi tsanani gari ta komo wa. A teburin da aka sasanta, magajin gari na da kujera, kamfani na da kujera. Ma'aikacin da aka tura gida jira kawai ya yi.

Abin da ya shafi Nijar

Garuruwan Nijar ba su cika da wuraren ninƙaya na hukuma ba. Yawancin waɗanda ake da su na otal-otal ne. Amma tsarin ba da riƙo sananne ne a ƙasar. Daga 2001 har zuwa 31 ga Disamba 2023, kamfanin SEEN, wanda Veolia ta Faransa ke da kashi 51 cikin 100 na jarinsa, shi ke rarraba ruwan fanfo a birane, kayan aikin kuma na hannun kamfanin gwamnati SPEN. Daga Janairun 2024 aikin ya koma hannun kamfanin ƙasa, NDE. Filin jirgin sama na Diori Hamani da ke Yamai, wanda aka sabunta a 2019, yana hannun kamfanin Summa na Turkiyya bisa yarjejeniyar shekara 30. A ƙasa da wannan mataki akwai kasuwanni, tashoshin mota, mahauta, kwasar shara da karɓar haraji, waɗanda kowace ma'aikatar magajin gari daga Maraɗi zuwa Damagaram da Tawa ke iya tunanin miƙa wa ɗan kasuwa ranar da asusunta ya bushe.

A nan haɗarin ya fi na Faransa, saboda kaso na uku shi ne mafi yawa. Mai shara a kasuwa, mai yanka tikiti a tasha da maigadin dare, da yawansu ba su da kwantiragi a rubuce, ba su da lamba a asusun CNSS. Dokar ƙwadago ta 2012 ta tanadi cewa in mai ba da aiki ya sauya, kwantiragin da ke gudana na ci gaba da sabon. Amma wanda ba shi da takarda, da me zai nuna wa sufeton ƙwadago cewa ya yi shekara goma sha biyar a wurin? An ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa jika 42 daga Janairun 2024, sai dai dokar na amfanar wanda sunansa ke cikin rajista ne kawai.

Gaskiya ne ma'aikatan ƙananan hukumomi da dama sun san ɗacin bashin albashi na watanni, har wani zai ce gara kamfanin da zai biya a ƙarshen wata. Wannan buri ne mai kyau, amma ba ya cika da kansa. Kuma tun watan Afrilu na 2024 da aka rusa majalisun ƙananan hukumomi aka naɗa shugabannin riƙo, babu zaɓaɓɓun kansiloli da za su yi muhawara kan kwangila a bainar jama'a. Wannan ya ƙara wa masu sa hannu nauyin bayyana abin da suka sa wa hannu.

Kafin a miƙa makulli

Duk hukumar da za ta ba da riƙon wurin jama'a, pisin ne ko kasuwa ko tasha, ya kamata ta fara da ƙidayar mutanen da ke aiki a wurin, har da na wucin gadi, da sunan kowa da shekarar da ya fara da abin da ake biyansa. A liƙa wannan jeri a jikin kwangilar, a biya bashin albashi da na CNSS kafin ranar miƙawa, don kada tsohon mai gida da sabo su riƙa jifan juna da shi.

Kundin sharuɗɗa ya faɗi mafi ƙarancin yawan ma'aikata da irin horon da ake buƙata a kowane matsayi, ya kuma hana a biya sabon ɗauka ƙasa da tsoho a kan aiki iri ɗaya. A wajen tantance tayi, a ba wannan maki kamar yadda ake ba farashi. Kamfanin da tayinsa ya yi arha fiye da kima, a tambaye shi daga aljihun wa rangwamen zai fito.

A rubuta tun farko wa zai ɗauki nauyi in farashin wuta ko na mai ya yi tashin gwauron zabo, a kuma haramta rufe wuri ba tare da izinin hukuma ba. In an rufe, albashi ya ci gaba, daga kuɗin jinginar da kamfanin ya ajiye ranar sa hannu. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Sannan wakilan ma'aikata su sami kujera a zaman bitar kwangila na kowace shekara, a kuma buga rahoton inda kowa zai iya karantawa: mutum nawa aka tarar, nawa suka rage, nawa aka ɗauka, da wane irin kwantiragi.

Matasan da ke neman aiki a irin waɗannan wurare, a gida ko a ƙasar waje, su ma akwai abin da ya rage gare su. Su nemi kwantiragi a rubuce, su adana kowace takardar albashi, su san sunan kamfanin da ya ɗauke su da ranar da kwangilarsa da hukuma za ta ƙare, su kuma shiga sandika tun kafin rana ta ɓaci. Ma'aikatan Faransa na da dokoki masu kauri da kotunan da ke sauraronsu, amma an tura ɗaruruwansu gida a safiya guda. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Magajin gari na iya ba da riƙon gini, amma jama'a ba kamfani suka sani ba, shi suka sani. Ranar da ƙofa ta kulle ko albashi ya tsaya, ofishinsa za a nufa, kuma abin da ya rubuta ko ya manta bai rubuta ba a cikin kwangilar shi za a tambaye shi.